Marka A Tsibiri

'Yan uwana mata, musamman ku 'yammatan makaranta da kuke yawan aiko min da wasiƙu kuna tambaya wai a ina nake samo labaran da nake rubutawa. To yau dai ba ƙagaggen labari na zo muku da shi ba, babu Alhaji mai Marsandi, babu kishiya mai bin bokaye. Labarin yini ɗaya ne tak da na yi a garin kakata, yinin da na wayi gari ina kuka don ruwan sama ya ɓata min kwalliya, na kuma kwanta ina kuka don wani dalilin daban. Ku gyara zama.

A shekarar 2019 ne, na gama sakandare ke nan ina zaman jiran sakamako, kaina sai rawa yake. Akwai wani bawan Allah da yake zuwa zance wurina a gidanmu da ke Gwammaja cikin Kano, ba zan faɗi sunansa ba don kada kansa ya ƙara girma. Sau ɗaya ya taɓa zuwa Legas sarin kaya, ya dawo ya hana kunnena sakat da labarin teku. Kullum ya zo sai ya zaro waya ya nuna min hotonsa a bakin ruwa ya naɗe ƙafar wando, wai igiyar ruwan ta fi katangar gidanmu tsawo. Ranar da abin ya ishe ni na murguɗa baki na ce, "Wai kai kaɗai ka taɓa ganin ruwa? Mu ma a garin su Ummanmu akwai teku, ba a hango ƙarshensa."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Teku a Zamfara? Ranki ya daɗe, ko dai kududdufi?"

Wallahi maganar nan ta tsaya min a rai. Ni kaina ban san ruwan ba, rabona da garin tun ina goye, a bakin Umma kawai nake jin ana cewa dam ɗin Bakolori. To amma magana zarar bunu ce, ta riga ta fita. Na ci alwashin sai na kawo masa hotona a bakin ruwan nan, na ci ado, ya gani da idonsa ya ba ni haƙuri.

Ana haka sai Umma ta ce bana a gida za ta yi babbar Sallah, don ta daɗe ba ta ga mahaifiyarta ba, kuma a daminar an ɗan sami sauƙin tashin hankalin da ya addabi ƙasar. Da ƙyar Baba ya yarda, da ƙyar kuma ya bari in bi ta. Ranar Juma'a da sassafe muka kama hanya, muka bi ta Gwarzo da Malumfashi muka faɗa Funtuwa, daga nan Tsafe. Duk inda na waiga kore ne shar, gero ya yi kai, dawa ta fi mutum tsawo. Da muka zo Kwatarkwashi na leƙa ta taga ina kallon dutsen nan da ya tokare sama har wuyana ya ƙage. Muka ci abinci a Gusau, muka wuce Bunguɗu da Maru, la'asar sakaliya muka sauka Talata Mafara, inda muka tarar da Kawu, yayan Umma, yana jiranmu.

Tsibiri gari ne a ƙasar Maradun. Ni da jin sunan na ɗauka sai an sa mu a jirgi kafin mu shiga, ruwa gabas ruwa yamma, kamar yadda nake gani a fim. Sai na tarar da garin manoma, gidajen ƙasa da na bulo a cakuɗe, rumbuna a tsakar gida, gonaki sun kewaye shi ko'ina. Na ja taubashiyata, 'yar Kawu wadda muke sa'anni, na raɗa mata, "Ina tekun?" Ta kwashe da dariya ta ce, "Bakanuwa ke nan! Sai an shiga mota."

Kaka kuwa tana hango ni ta riƙe haɓa. "Lale da kishiya! Kin taho kin ishe mijin ya tahi ya bar mu, sai ki zamna mu ci takaici tare." Na ce ai ni ban zo kishi da tsohuwa ba. Aka yi ta dariya. 'Yar siririya ce, fara, da tsagar gado a kuncinta, ba ta zama wuri ɗaya.

Aka yi Sallah ranar Lahadi 11 ga Agusta. Litinin muka yini suyar nama, hayaƙi ya cika min ido. Kawu ya yi min alkawarin ranar Talata, wadda ita ce ranar ƙarshe ta hutun gwamnati, kuma washegari za mu juya. Shirin ya tsaru tsaf: da safe mu ci kasuwar Talata Mafara, wadda daga ranar cinta garin ya samo rabin sunansa, da yamma mu zarce bakin dam. Daren nan ban yi barcin kirki ba. Na goge leshina ruwan hoda da dutsen guga na gawayi, na fito da gyale mahaɗinsa da takalmi mai tsini, lallen Sallah kuma yana nan raɗau a hannuna, ja da baƙi.

Ana kiran assalatu na ji iska mai sanyi tana kaɗa labule. Kafin gari ya waye hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, cida tana ta gurnani can ƙasa-ƙasa. Na ce a raina yanzu zai zuba ya wuce. Na yi wanka, na zauna gaban ɗan madubi na shafa hoda, na zizara kwalli, na ɗaura ɗankwali ya fi sau biyar kafin ya zauna. Ina saka takalmi ruwa ya sauko.

'Yar uwa, in ruwan da yake zuwa da fushi ne kamar da bakin ƙwarya, wannan mai sauƙi ne, awa guda ya gama. Wannan kuwa marka ce irin ta watan Agusta, ba ta sauri ba ta fasawa. Ta yi kamar za ta ɗauke, ka leƙa waje, sai ta ƙara ƙaimi. Ƙarfe takwas ta wuce, tara ta wuce, goma ta yi, sama ta zama kamar an kifa tukunya. Indararo yana ta zuba, yara sun jera bokitai da tuluna suna tara. Awaki sun maƙale a gindin rumbu suna rawar sanyi, kaji sun takure a ɗakin girki. Tsakar gida ta zama tafki, bawon gyaɗa yana yawo a kai kamar jirage. Umma ta tafi gaida wata gwaggonta tun da sassafe, ruwa ya tsare ta can. Kawu ya leƙo, ya kifa buhu a ka, fuskarsa fal murna, ya ce, "Alhamdu lillahi, ruwan ga ya zo kan kari. Ɗiyata, kasuwa kam sai wata Talata."

Wata Talatar ina Kano! Na faɗa kan katifa da leshina da komai na fashe da kuka, kwalli ya zubo min har haɓa. Taubashiyata ta yi lallashi ta gaji ta koma tsokana, na ja tsaki na juya mata baya.

Can sai ga Kaka ta ɗaga labule, ta rufa da faifai a ka. "Ke kishiya, mi anka yi maki kike kumburi awa kwaɗo?"

Na ce, "Kaka ruwan nan ne mana, ya rasa ranar zuwa sai yau." Na sake jan tsaki.

Ta yi salati ta tafa hannu. "Ruwa kike ma tsaki? Ahir ɗinki! Abin da mutane ka hita roƙo da kuka? Tashi ki taho ɗakina, ɗiga ta hi ƙarhina, ki kama mani tarbe."

Ba don na so ba na tuɓe takalmin, na tattare zani na bi ta da gudu. Ɗakin Kaka na ƙasa ne, da gadon ƙarfe mai rumfa, da jeren kwalla da ƙore a bango. Wuri uku yake ɗiga. Muka tara kwano a nan, tasa a can, ƙwarya a bakin gado, kowanne da irin ƙararsa, har abin ya so ya ba ni dariya. Ta jawo kasko mai garwashi tsakaninmu, ta ɗora masara sabuwar karya, ta miƙo min hoce da dakakken ƙuli da soyayyen naman layya. Ban taɓa cin hoce ba sai ranar, wainar dawa ce mai ɗan tsami, gasasshiya, ba ta son mai. Na ce ba na ci, na kuma cinye uku.

Ta zuba min ido ta ce, "Wai mi za ki gani ga ruwan ga da har kike kuka?"

Na ce, "Hoto zan ɗauka."

"Hoton mi?"

"Hoton ruwa mana Kaka."

Ta juya masara, ta yi shiru, sannan ta ce, "To in Allah Ya kai ki, ki gaishe mani da gidana. Yana nan ƙasa."

Na ɗauka wasan jika da kaka ne, na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Ashe Kaka ba a Tsibiri aka kai ta aure ba. Wata 'yar tunga ce a bakin gulbi, gida bai fi ashirin ba, rabi manoma rabi masunta. Ta ce a can ba su san yunwa ba. Damina gulbi ya cika ya malala cikin fadama su shuka shinkafa, in ya janye ya bar musu laka mai albarka su sa dankali da albasa da rogo, yara kuma su kama tarwaɗa da hannu a cikin kwatami. Wata rana sai ga motoci da Turawa da 'yan boko, suna auna ƙasa suna kafa turaku, suna shafa fenti a jikin itatuwa. Aka ce za a datse gulbi, ruwa zai zo har nan. Tsofaffi suka yi dariya, suka ce wa ya taɓa ɗaure gulbi?

Muna cikin haka Kawu ya yi sallama ya tsuguna a bakin ƙofa yana shan ɗumi. Shi malamin firamare ne kuma manomi, komai da lissafi yake faɗarsa. Shi ya cike min abin da Kaka ba ta riƙe ba. Ya ce a 1974 aka fara aikin, wani kamfanin ƙasar Italiya ya yi shi, aka gama a 1978, ruwa kuma ya ɗauki shekara uku yana taruwa, sai a 1981 ya cika. Bangon da aka tare gulbin da shi ya kai kilomita 5 da rabi, tafkin da ya taru a bayansa ya shafe kadada wajen 8,000, ya miƙe kilomita 19. Duk wannan fili da gonakin mutane ne da gidajensu da maƙabartunsu. Dubban mutane aka tasa, ita kanta Maradun sai da aka yi mata sabon mazauni. Manufar ita ce a riƙa noman rani a ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun, a yi shinkafa da alkama, ƙasa ta ci da kanta.

Na ce, "To ai abin alheri ne Kawu."

Ya ce, "Alheri na, ga wanda ruwa ya iske gonatai ta hanyar kwalbati. Wanda ya iske ta ɗaka hwa?" Ya ce mutane da yawa sun yi shekaru ba su shuka komai ba ana gyaran fili, diyya kuma wani ya samu kaɗan, wani ya yi ta jira. Mutanen da ke ƙasa da dam su ma suka ga ambaliyar da ke ciyar da fadamarsu ta ragu, shinkafa da kifi suka ja baya. Da tura ta kai bango manoma suka tare hanyoyin aikin suka ce sai an biya su. A watan Afrilu na 1980, zamanin mulkin Shehu Shagari, lokacin duk nan jihar Sakkwato ce don sai a 1996 aka yanke Zamfara, aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka buɗe wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Hukuma ta ce mutum 20 da 'yan kai suka mutu, masu bincike kuwa akwai waɗanda suka kai lissafin fiye da 380.

Kaka ta ce, "Mu ba a yi muna rashi ba, amma na ga matan da anka yi ma. Bari dai, Allah Shi jiƙan musulmi."

Na zauna tsuru, masara ta huce a hannuna. Shekara shida na yi a sakandare, na haddace sunayen kogunan duniya don jarrabawa, amma ko sau ɗaya ban taɓa jin wannan ba, alhali a ƙasar uwata aka yi shi.

Aka kira azahar Kawu ya fita. Ruwa bai fasa ba. Muka zubar da kwanukan da suka cika muka mayar, muka yi salla, Kaka ta ƙara gawayi. Sai ta matso kusa da ni ta rage murya, ko da yake babu kowa.

"Wagga magana ba a hwaɗa ma ɗiya ta, ko uwaki ba ta san ta duka ba. Amma jika abokiyar wasa ta, babu kunya tsakaninmu. Kawunki ba shi na babba ba. Akwai wani gaba gare shi."

Ɗanta na fari ne, namiji. Kun dai san al'ada, mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Kaka tana da shekara goma sha shida ta haife shi, ta ce sai dare ya raba kowa ya yi barci take ɗaukarsa ta yi ta kallo a hasken aci-balbal. Ya fara tafiya ke nan, yana bin ta yana kama mata zani tana ture shi don idon surukai, ƙyanda ta shigo tungar. Lokacin babu wanda ya zo musu da allurar rigakafi. Yara bakwai ta ɗauka a wata guda, har da shi.

"Ranar marka ta awa wagga," in ji ta. "Maza sunka ɗauke shi cikin tabarma sunka tahi. Ɗaki cike da mata, kowa na kallo nai shi gani ko za ni kuka, a ce ba ni da kunya. Sai nic ce za ni kama awaki. Nih hita bayan gida nit tsaya cikin ruwa. Nan niy yi kukana har nig gaji. Da nid dawo kowa ya ga huskata jiƙe, babu wanda ya ce komi. Ruwan sama ya ruhwa mani asiri. Shi ya sa ban son a yi mai tsaki."

Mata ba sa zuwa maƙabarta, ba ta taɓa ganin kabarin ba. Amma an ce mata a gindin wata kuka yake, gabas da tungar, kullum kuma in za ta ɗebo ruwa sai ta bi ta inda za ta hangi kukar. Da ruwan dam ya fara matsowa suka kwashe abin da jaki zai iya ɗauka suka taho Tsibiri wurin dangin mijinta, Kawu yana hannu, Umma tana ciki. Dutsen niƙanta ma can ta bar shi don nauyi. Ta ce shekaru bayan nan kan kukar yana nan tsaye a tsakiyar ruwa, duk ranar da hanya ta bi da ita sai ta tsaya ta hange shi. Wata shekara ta je ta tarar babu.

"Yanzu ni ɗai na san wurin. In na tahi shi ke nan."

Ban san lokacin da hawaye suka wanke min fuska ba. Na dubi leshina da ya sha toka da ɗigar ɗaki, kunya ta kama ni kamar in nutse. Na ce, "Kaka, yaya sunansa?" Ta harare ni ta ce, "Ji ɗiyar banza! So kike in yi abin kunya da tsuhwana?" Muka yi dariya mu duka biyu muna share ido. Har ta koma ga Allah ba ta faɗa ba.

Bayan la'asar ruwa ya tsagaita ya koma yayyafi, yamma ta yi wani irin haske ja, bakan gizo ya fito. Kwaɗi suka ɓarke da kuka ko'ina, yara suka fito tsirara suna tsalle a cikin taɓo. Ni na riga na fid da rai, har na fara ninke gyale, sai na ji Kaka tana ce wa Kawu ya nemo mota. Ya ce, "Inna, hanya ta ɓaci, yamma ta yi." Ta ce, "Baƙuwa ta taho daga Kano don ruwa, ba ta komawa ba ta gane shi ba. Ni ma za ni." Kawu ya dube ta da mamaki, don ya ce ta fi shekara goma ba ta nemi zuwa ba.

A-kori-kurar maƙwabcinsa mai ɗaukar shinkafa aka samo. Kaka a gaba, ni da taubashiyata a baya kan buhu, na sa silifas ɗin Kaka da wani tsohon hijabi a kan leshin. Sau biyu muna kafewa samari suna turawa. Muka bi ta wajen Maradun, muka gangara, sai kawai na ga sama ta sauko ƙasa.

Kai jama'a! Ruwa ne iya ganinka, jaja-jaja saboda laka da damina ta kwaso, iska tana tura shi yana zuwa yana dukan gaɓa yana komawa. Can nesa duwatsu da itatuwa sun yi dishi-dishi cikin hazo. Balbelu farare tas sun jeru a kan wani busasshen reshe. Masunta da marka ta tsare su yini guda sun fito suna kwarfe ruwa daga jiragensu da ƙoƙo, wasu suna warware taru, wani dattijo yana ɗana ƙugiyoyi. Wata yarinya ta zo da tire, soyayyar karfasa da tarwaɗa an barbaɗe da yaji, Kawu ya saya mana. Ban taɓa cin kifi mai zaƙinsa ba.

Na roƙi Kawu a ɗan zaga da mu a jirgi, ya ce ko kusa, ba a wasa da ruwan damina, ga shi babu rigar ruwa ko ɗaya. Na ji haushi a lokacin. Amma da na ji labarin jirgin da ya kife da manoma a Gummi a watan Satumba na 2024, mutane da yawa suka rasu, sai da na kira shi na yi masa godiya.

Shi ya nuna min da hannu ta inda gulbin yake shigowa. Ya ce wannan shi ne gulbin Sakkwato, daga wajen Funtuwa ya taso, ya bi ta Gusau, wato duk tafiyar da muka yi tare muka yi ta da shi ban sani ba. In ya fita daga dam ya bi ta ƙasar Bakura ya je ya haɗu da gulbin Rima kusa da birnin Sakkwato, ya wuce Argungu inda ake bikin kamun kifi, ya faɗa kogin Kwara, Kwara kuma ta kai shi har teku. Na ce a raina ashe ban yi ƙarya da yawa ba, tekun ne tun yana yaro.

Kaka ba ta ce komai ba tun da muka sauka. Ta taka a hankali har bakin ruwa, ta tsaya tana duban duwatsun da ke hayi kamar mai lissafi, ta matsa dama kaɗan. Sannan ta kamo hannuna, ta ɗaga nata ta nuna wani wuri a tsakiyar ruwan, inda babu komai sai igiya. "Ki daidaita da wancan dutse mai kai biyu. Nan ƙasa. Kin gani?" Na ce na gani. Ta ɗaga hannu ta yi addu'a a ɓoye, muka shafa. Masuntan suna ta harkarsu, babu wanda ya san abin da muke yi.

Hoto ɗaya na ɗauka a ranar, kuma ba na ciki. Hannun Kaka ne, da zoben azurfarta da jijiyoyinsa, yana nuna ruwa. Da muka koma Kano mutumin nawa ya zo da zumuɗinsa ya ce ina tekun? Na miƙa masa. Ya ce, "Wannan ai hannun tsohuwa ne." Na ba shi labarin tun daga farko. Bai yi dariya ba, ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce, "Naki ya fi nawa zurfi." Daga ranar na fara ganinsa da mutunci, sauran bayani kuma ba na wannan shafin ba ne.

Na yi wa Kaka alkawarin zan dawo da rani in ga koren shinkafa a bakin kwalbatoci lokacin da ko'ina ya bushe. Ban koma ba. Sauƙin da aka samu bai ɗore ba, hanya ta sake lalacewa da 'yan bindiga, Baba ya ce babu mai zuwa. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro, Kaka ta kwanta ciwon kwana uku ta cika. Sai bayan kwana huɗu wani direba ya kawo wa Umma 'yar takarda daga Kawu. Ranar nan na zaunar da Umma na nuna mata hoton, na gaya mata tana da wa wanda ba ta sani ba sai sama-sama, na kwatanta mata dutse mai kai biyu. Yanzu mu biyu muka san wurin, da ku da kuka karanta.

Don haka ƙannena, in hutu ya zo aka ce za a kai ku ƙauye, kada ku tura baki. A tambayi lafiyar hanya tukuna, wannan wajibi ne a zamanin nan. In an isa kuma, a rage danna waya. In ruwa ya tsare ku a ɗaki, ku nemi tsohuwar gidan ku zauna kusa da kaskonta ku tambaye ta inda aka kai ta aure, da abin da ta bari a can. Akwai maganar da ba za ta taɓa gaya wa iyayenku ba, ku kaɗai take jira. Da rana ta fito a Talatar nan, da na ci kasuwa na sayo awarwaro, na tsaya a kan gidan kakata na yi murmushi an ɗauke ni hoto, na dawo ban san a kan me na tsaya ba.

Har yau in marka ta sauko a Kano nakan ajiye biro in tsaya a bakin taga. Ban ƙara yi wa ruwa tsaki ba. Allah Ya jiƙan Kaka da ɗan da ba ta faɗi sunansa ba, Ya zaunar da ƙasar Zamfara lafiya, Ya nuna min ranar da zan koma Tsibiri in kai Umma bakin ruwa. Wadda ta karanta ta sa su a addu'a.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Taku har kullum.